Muzuru da Zarninsa: Saƙon da Muke Amsawa da Sanda

Duk gidan da ya taɓa kiwon muzuru ya san lokacin da zaman ke sauyawa. An kawo shi yana ɗan mitsitsi, yara na wasa da shi, uwar gida na zuba masa madara a murfin kwano, kowa na yaba tsaftarsa. Da ya kai wata bakwai ko takwas sai kansa ya fara faɗi, kumatunsa su yi kauri, ya soma kwana a waje yana dawowa da asuba. Daga nan sai a wayi gari ƙyauren ɗaki na zarni, labule na zarni, buhun shinkafar da aka jingine a sito na zarni, wani lokaci har da sallayar da aka rataye ƙasa-ƙasa a bayan ƙofa. A wanke, a turara, bayan kwana biyu abu ya dawo sabo. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: tsawa, jifa da takalmi, duka da muciya, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jefa shi a buhu a ba yaro ya kai shi bakin kasuwa ko bayan gari ya saki. Da yawa daga muzuran da muke gani a kwatoci da mahauta, kunne a yage, fuska duk tabo, ta wannan hanyar suka baro gidajen mutane.

A ganina ana zaluntar dabbar nan, kuma rashin sanin abin da take yi ne ya jawo. Masu gida suna da haƙƙin jin haushi, domin zarnin muzuru ya wuce a ce wa mutum ya yi haƙuri, balle a gidan da ake salla. Sai dai tambayoyin da ya kamata a yi kafin a ɗauko buhu duk suna da amsa, likitocin dabbobi kuwa sun haura shekara 50 suna bin diddiginsu.

Da farko a rarrabe fitsari iri biyu. Mage idan fitsari ya matse ta, wuri mai laushi take nema, yashi ko ƙasa ko toka, ta tona, ta tsuguna, ta juye abin da ke mafitsararta, ta binne. Fesawa daban ce tun daga tsayuwa. Muzuru zai je ya sansana bango ko ƙafar kujera, ya juya mata baya, ya ɗaga bindi sama cak yana karkarwa, yana ɗan taka ƙafafun baya kamar mai tattaki a wuri ɗaya, sannan ya tsarto ɗan fitsari kaɗan ta baya, daidai tsayin hancin wata mage. Ba ya tona, ba ya binnewa, sau da yawa ko waiwaye ba ya yi. Kuma muzurun da ya fesa ƙofa da safe, shi ne da rana zai je kan yashi ya tsuguna ya binne kamar yadda ya saba. Wato tsaftarsa tana nan. Abin da ya binne ɓoyewa yake son yi, wanda ya fesa kuwa so yake a ji shi. Wuraren da yake zaɓa ma suna nuna haka: bakin ƙofa, ƙarƙashin taga, kusurwar katanga, tayar babur ɗin da ya shigo daga waje, jakar baƙo, sabuwar katifa. Duk mashiga ce, ko kuma abin da ya shigo gida ɗauke da baƙon wari.

Tushen ɗabi'ar ya girmi zaman mage da mutum. Magenmu ta gida jikar kyanwar daji ce, irin wadda har yau ake samu a dazukan Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma kabari mafi tsufa da aka samu mutum da mage tare, a tsibirin Saifurus, shekarunsa kusan 9,500. Kyanwar daji ita kaɗai take farauta, ba ta garke. Dabba mai farce da haƙori irin nata, haɗuwa ido da ido da ɗan'uwanta na iya ƙarewa da rauni, raunin da zai hana farauta kuwa mutuwa ne. Don haka take buƙatar hanyar isar da magana ba tare da an haɗu ba. Zaki da damisa ma haka suke fesa kututtukan itatuwa.

An daɗe ana cewa muzuru iyaka yake shatawa don ya kori abokan gaba, amma masu lura da mage a fili sun ga abin bai tsaya nan ba. Wani muzurun idan ya zo wurin, ba gudu yake yi ba. Tsayawa yake ya sansana a tsanake, wani lokaci ya ɗan buɗe baki ya ɗage leɓe ya yi shiru kamar wanda tunani ya ɗauke. A lokacin yana tura warin ne zuwa wata gaɓa ta musamman da ke saman dasashinsa, wadda aikinta karanta irin wannan saƙo. Daga nan ya wuce abinsa, ko ya ɗora nasa. Masanin halayyar dabbobi ɗan Jamus, Paul Leyhausen, shi ya fara jawo hankali ga cewa mage suna raba hanya ɗaya ne ta fuskar lokaci: sabon fitsari na nufin wani ya wuce yanzun nan, tsoho na nufin hanya a buɗe take. Bincike ya nuna mage sun fi daɗewa a kan sabon fitsari fiye da wanda ya kwana, Eugenia Natoli kuma, da ta yi nazarin magen titi a birnin Rum a shekarun 1980, ta ga sun fi tsayawa a kan fitsarin baƙon muzuru fiye da na wanda suka saba da shi. Abin ya yi kama da zanen da ake ratayawa a ƙofar makewayi: ba kwaɗo ba ne, ba ya hana kowa shiga da ƙarfi, amma mai hankali ya gani ya san da mutum a ciki, sai ya dakata. Bambancin kawai shi ne saƙon muzuru yana ɗauke da ƙarin bayani, na wane ne, namiji ne cikakke, kuma yana neman mace. Shi ya sa fesawar ke ninkuwa idan wata kyanwa a unguwa ta shiga neman barbara. Olof Liberg, wanda ya yi shekaru yana bin magen karkara a Suwidin, ya nuna filin yawon muzuru ya kan ninka na mace sau uku ko fiye, domin mace abinci take bi, shi kuwa mata yake bi. Gidanka ɗaki ɗaya ne a cikin faffaɗar ƙasar da yake zagayawa.

Saura batun wari, wanda shi ne ainihin abin da ke raba muzuru da masu shi. Me ya sa nasa ya fi na kowace dabba ta gida tsanani da naci? A 1953 wani masani a Ingila, R. G. Westall, ya gano wani sinadari mai ɗauke da farar wuta a fitsarin mage, aka sa masa suna felinin. Shi kansa ba shi da wani wari. Sai fitsarin ya fito ya sha iska, ƙwayoyin halitta suka fara ruguza shi, sannan yake sakin wani sinadarin mai saurin tashi wanda hancin mutum ke kamawa ko da ɗan ƙanƙani ne. Wannan ne dalilin da ya sa wurin da aka fesa jiya ya fi zarni yau, kuma ya sa zarnin da aka ɗauka ya mutu yake farfaɗowa idan damina ta kawo laima. A 1995 Wouter Hendriks da abokan aikinsa a Jami'ar Massey ta ƙasar Niyu Zilan suka auna yawan sinadarin, suka ga muzurun da ba a fiɗiye ba yana fitar da kusan ninki uku na wanda aka fiɗiye, haka nan kusan ninki uku na mace. Sinadarin mazakuta da maraina ke samarwa, testosteron, shi ke hura wutar. Kuma abin ba kyauta jiki ke yin sa ba: daga wani ɓangare mai daraja na furotin ɗin naman da ya ci ake haɗa shi. Wannan ya sa wasu masana ke ganin ƙarfin zarnin shaida ce ga mace cewa mai shi gwanin farauta ne, yana ci yana ƙoshi har ya samu rarar da zai zubar a bango.

Masao Miyazaki na Jami'ar Iwate a Japan ya ƙara wani haske. A 2003 shi da abokansa suka gano wani furotin da ƙodar mage ke zubawa a fitsari da yawa, suka kira shi kauksin, daga baya suka nuna shi ne ke yanko felinin. A mutum, furotin mai yawa a fitsari alamar ciwon ƙoda ce, a lafiyayyen muzuru kuwa al'ada ce. A 2024 ɗakin binciken nasu ya amsa wata tsohuwar tambaya, ko fitsarin fesawa ana cakuɗa shi da wani ruwa daga wata gaɓa. Suka ga fitsari ɗaya ne da wanda ke cikin mafitsara. Abin da ke faruwa shi ne furotin ɗin na sa fitsarin ya manne a jikin bango ya bazu, maimakon ya gangare, sai ya bushe a sarari yana tashi, alhali wanda aka yi a yashi ƙasa ta shanye shi. Ka ƙara da cewa yawancin bangayenmu na ƙasa ne ko bulo da filasta mai shan ruwa, ka ga dalilin da turaren wuta ba ya cin galaba.

Akwai wani ɓangare da mutane ba su cika sani ba. Maraina ne babban dalili, amma ba su kaɗai ba ne. Kyanwa mace ma tana fesawa, musamman lokacin neman namiji. Benjamin Hart na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda ya daɗe a kan wannan batu, ya wallafa a 1984 tare da Leslie Cooper cewa ko a cikin magen da aka yi wa aiki tun kafin su balaga, kusan namiji ɗaya cikin 10 da mace ɗaya cikin 20 suna fesawa. Abin da ke tura waɗannan shi ne fargaba. A wani nazari da rukunin Hart ya fitar a 2001, kusan rabin masu magen da suka iya faɗin musabbabi sun danganta fara fesawar da rikici da magen waje, wasu kuma da rashin jituwa da wata mage a cikin gida ko hana dabbar fita. Mage idan ta ji wurinta ba tabbas, sai ta ƙara zuba warinta a kewaye, jin warin kanta na kwantar mata da hankali.

Tsarin gidajenmu yana ƙara wa wannan wuta mai. Tsakar gida a buɗe take, katangu a haɗe, rufin soro ya zama babbar hanyar magen unguwa. Muzuran maƙwabta suna dirowa da dare su sha ruwan da aka bari, su lashe kwanon da ba a wanke ba, su fesa ƙofa su haura. Sau da yawa wanda ake duka da safe ba shi ya yi ba, ko kuma martani ya mayar. Ga shi kuma a ƙasashen sanyi mage na da lokacin barbara, idan rana ta fara tsawo, mu kuwa da tsawon yininmu bai cika sauyawa ba, kyanwa na iya neman namiji a kowane wata. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne kawai. Muzurun Kano ko Maraɗi ba shi da hutun da ɗan'uwansa na Turai ke samu a hunturu.

Wanda ya fahimci wannan zai ga dalilin da duka ba ya aiki. Mage ba ta haɗa hukuncin yanzu da abin da ta yi awa ɗaya da ta wuce. Ka kamo ta ka goga hancinta a wurin, abin da ta koya shi ne hannunka abin tsoro ne. In kuwa fargaba na cikin abin da ke sa fesawa, sanda ƙari ce a kan dalilin. Mafi yawan abin da duka ke samarwa shi ne dabbar da ke jira sai ba kowa sannan ta fesa. Haka nan maganar cewa da gangan yake yi don an hana shi nama, ko don yana jin haushin amarya ko jaririn da aka haifa, fassara ce irin ta ɗan Adam. Sabon mutum da sabbin kaya sabon wari ne a ƙasarsa, shi ke nan. Akwai kuma masu ganin baƙar mage ta yi fitsari a ƙofarsu su ce turo ta aka yi. Wannan zargi ya raba maƙwabta, ya kuma jawo an kashe dabbobi ta hanyoyin da ba su da daɗin faɗa, alhali kyanwar da ke cikin gidan ce ta jawo baƙon.

Kafin a yanke cewa fesawa ce, akwai abin da ya wajaba a duba, don a nan rai ke salwanta. Muzurun da ke yawan tsugunawa yana nishi, yana fitar da ɗigo-ɗigo ko jini, yana lasar gabansa, yana fitsari a kan tayil ko cikin baho, wannan ba saƙo yake aikawa ba, ciwo ne. Hanyar fitsarin namijin mage siririya ce ƙwarai, tsakuwa ko majina na iya toshe ta. In ta toshe gaba ɗaya, ƙoda na tsayawa, dabbar na iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Muzurun da ya yini yana yunƙuri ba abin da ya fito, ranar za a kai shi asibiti, ba gobe ba. Kuma don Allah kada a ba shi farasitamol da sunan taimako. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya na iya kashe ta.

In an tabbata lafiyarsa ƙalau, maganin da ya fi kowane tabbas shi ne fiɗiya. A 1973 Hart da Barrett suka bi muzurai 42 da aka fiɗiye bayan sun girma. A cikin masu fesawa, kashi 78 cikin ɗari sun daina ko sun rage nan da nan, wasu kashi 9 suka rage a hankali. Faɗa da yawon dare ma sun ragu a wajen kusan muzurai tara cikin goma. Wani abin lura a binciken shi ne shekarun dabbar ba su sauya sakamakon ba. Don haka mai tsohon muzuru kada ya ce lokaci ya ƙure. Ko wanda bai daina gaba ɗaya ba, zarninsa na raguwa sosai tunda felinin ya ragu. Ribar ta wuce hanci. Muzurun da ya daina faɗa ya tsira daga ƙurajen cizo masu ruɓa, ya rage haɗarin kamuwa da ƙanjamaun mage, cutar da aka gano a Davis a 1986, wadda cizo ne babbar hanyar yaɗuwarta, kuma muzurai masu yawo ta fi kamawa. Ba ta kama mutum. Wadda ke kama mutum ita ce cutar haukan kare, mage mai yawon dare kuwa tana iya ɗauko ta, shi ya sa ya kamata a haɗa da allurar rigakafinta a tafiya ɗaya.

Ina jaddada cewa aikin likita ne. Mun saba da dandaƙar bunsuru da sa, har wasu na ganin abin da aka yi wa taure za a iya yi wa muzuru, da reza ko ɗaurin roba, a cusa kansa cikin buhu ko takalmi. Wannan azabtarwa ce, ƙarshenta zubar jini da ruɓewa. A asibiti allurar barci ake masa, a yi 'yar tsaga biyu, a ɗaure jijiyoyi, cikin 'yan mintuna an gama, galibi ko ɗinki ba a yi, bayan kwana biyu ko uku ya koma harkarsa. Ƙungiyoyin likitocin dabbobi a Amurka da Ingila yanzu suna ba da shawarar a yi kafin ya wuce wata huɗu zuwa biyar, tun bai fara ba. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri suna yin irin wannan aiki, akwai kuma asibitocin dabbobi na jihohi da masu zaman kansu a manyan birane. Bayan aikin a sani cewa yana iya yi wa mace ciki har zuwa mako shida. In kuma an yi aiki amma watanni sun shuɗe zarni da faɗa suna nan yadda suke, mai yiwuwa ɗaya daga marainan a cikin ciki ya maƙale tun haihuwa. Likita na ganewa ta duba 'yan ƙayoyin da ke jikin gaban muzuru, waɗanda ke ɓacewa idan testosteron ya ƙare.

Tsoron da na fi ji daga masu kiwo shi ne kada ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, ɓeraye su mamaye sito. Farauta ba daga maraina take fitowa ba. Kyanwa mace ba ta da su, kuma ita ce gwanar kamun ɓera. Wanda aka fiɗiye ma ya fi zama a gida, inda ɓerayen suke. Gaskiyar da ke tafe da wannan ita ce in da ma mai cin 'yan tsaki ne, fiɗiya ba za ta hana shi ba. Illar da aka tabbatar ita ce ƙiba, domin cinsa na ƙaruwa buƙatar jikinsa na raguwa, sai a kula da abin da ake zuba masa.

Ga Musulmi akwai tambayoyi biyu, kuma duka biyun suna da nauyi. Ta farko tsarki. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa jikin mage da sauran ruwan da ta sha ba najasa ba ne, kasancewarta mai kai-komo a cikin gida. Wasu na faɗaɗa wannan har ya haɗa da fitsarinta, amma a mashhurin mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, mage na cikin dabbobin da aka karhanta ci, fitsarin irinsu kuwa najasa ne. Sallaya ko tufar da aka fesa sai an wanke. Ta biyu ita ce halaccin fiɗiyar kanta. Za ka ji ana cewa, "Malam, ai canza halittar Allah ne, kuma zalunci ne a raba shi da abin da aka halitta masa." Malamai sun yi saɓani tun da, wasu sun karhanta fiɗiyar dabba in ba da dalili ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta ta ga tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta ambaci hani game da dawaki, abin da ke nuna maslaha ake dubawa. Littafin Fatawa Hindiyya na Hanafawa ya ambaci mage da sunanta, ya halatta idan akwai amfani ko kawar da cuta, Shaikh Ibn Usaimin ma ya yi fatawa da halacci idan magen sun yi yawa suna cutarwa kuma aikin ba zai cuce su ba, yana mai cewa hakan ya fi a kashe su. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da nake roƙo kawai shi ne a kai wa malamin tambayar cikakkiya: ba tsakanin fiɗiya da barin dabba cikin jin daɗi ake zaɓi ba, a aikace tsakanin aikin minti goma cikin barci ne da duka, kora, yunwa a bola, da 'ya'yan mage da ake kwashewa a kwali a zubar ido bai buɗe ba.

Korar ma ba ta warware komai. Muddin akwai kyanwa mace da ragowar abinci a gidan, gurbin da ya bari wani muzurun zai cike, kuma shi ma da fesawa zai sanar da zuwansa.

Wankin wurin yana da ƙa'ida, don muzuru na komawa inda warinsa ya fara dusashewa ya sabunta. A jiƙa omo mai ƙarfi, kashi ɗaya cikin goma na ruwan ɗumi, a goge sosai, a ɗauraye da ruwan sanyi, a bari ya bushe, sannan a fesa sifirit a sake barinsa ya bushe kafin dabbar ta dawo wurin. A guji duk abin wanki mai amoniya, warinsa ɗan'uwan na fitsari ne, gayyata ce. Bilic yana jan hankalin mage, haɗuwarsa da fitsari a rufaffen ɗaki kuma na tayar da hayaƙi mai cutar da ƙirji. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Izal da Dettol, waɗanda ke sa ruwa ya yi fari, guba ne ga mage idan ta taka ta lashe ƙafarta. Bayan wanki, a ajiye kwanon abincinsa a wurin na 'yan kwanaki, mage ba ta cika fesa inda take ci ba. A daina barin abinci a tsakar gida da dare. Masu kiwo a rufaffen gida, kamar matasan da yanzu ke sayen mage masu dogon gashi a Kano da Kaduna da Abuja, su tanadi bahon yashi ɗaya ga kowace mage da ƙarin ɗaya, a wurare daban-daban, a kwashe ƙazanta kullum, a wanke bahon duk mako, a raba musu wurin ci da wurin kwana. Wanda kuma ya ajiye muzuru don kiwon 'ya'ya na sayarwa, ya sani fesawa na cikin kuɗin sana'ar. Ya gina masa wuri nasa mai sauƙin wanki, kada ya sa shi a falo ya zo yana dukansa.

Ga 'yan kaɗan ɗin da aka fiɗiye aka gyara musu zama amma ba su daina ba, akwai magani. Gwajin da rukunin Hart ya yi a 2001 da fuloksetin, maganin damuwa irin na mutane, ya rage fesawa da fiye da kashi 90 cikin ɗari a mako takwas, ko da yake da yawa sun koma bayan an tsayar. Akwai kuma Feliway, kwaikwayon warin da mage ke gogawa da kumatunta a abin da ta aminta da shi. Nazarin da Daniel Mills na Jami'ar Lincoln ya jagoranta a 2011, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya nuna duka biyun suna taimakawa. Cewa maganin damuwa ne ke aiki ya isa hujja a kan abin da ke damun dabbar. Amma wannan hurumin likita ne, ba abin da za a saya a kemis a gwada ba.

Asibitocin dabbobinmu an gina su ne domin shanu da tumaki da kaji, kuma da dalili, su ne dukiya. Sai dai birane sun cika, mage sun yawaita a cikinsu, mafi yawan masu kiwo kuma ba su taɓa jin cewa ana yi wa muzuru wannan aiki ba. Ma'aikatun da ke fita rigakafin haukan kare duk shekara za su iya haɗawa da ranar fiɗiyar mage a farashi mai sauƙi, ɗaliban likitancin dabbobi su samu horo a ƙarƙashin malamansu, unguwanni su samu sauƙin kukan dare. Shirye-shiryen noma da kiwo na gidajen rediyo ma su ba batun ko da kwata ɗaya. Kai kuma da ke da ɗan mage namiji a gida, kada ka jira sai labule ya fara zarni. In ya kai wata huɗu, ka nemi likitan dabbobi mafi kusa da kai ka kai shi.